Na Je Kumasi Auna Leɓen Rukayya

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A masallaci, a wurin aiki, har mai shayin bakin layinmu, kowa ya gan ni sai ya ce ya Gana, me na gani, ina tsaraba. Ni kuwa in ce lafiya lau, in kawar da kai. To na gaji da kawar da kai. Ga labarin na rubuta sau ɗaya, wanda ya karanta ya taimake ni kada ya sake tambayata, don ba tafiyar da nake alfahari da ita ba ce.

Babban wanmu, Yaya Habu, ya bi fataken goro ya tafi Kumasi tun ina sakandare. Sau biyu kacal ya leƙo gida, daga baya aka aiko mana ya rasu a can. Bai taɓa ce mana ya yi aure ba. Sai bana, bayan ƙaramar salla, wani mutum mai suna Alhaji Seidu ya nemo lambata ya kira. Ya ce Habu ya auri ƙanwarsa Fati, ita ma ta rasu, sun bar 'ya ɗaya, Rukayya, tela ce, shekararta ashirin da shida. An sa ranar aurenta saura mako uku, amma dangin mijin gidan malamai ne, sun ce sai wani daga gidan ubanta ya zo ya tsaya waliyyi. Limamin da ya ɗaura auren iyayenta ya mutu, shaidun sun mutu, takarda kuwa babu. In wani daga cikinmu ya zo ya ce tamu ce, magana ta ƙare. In ba wanda ya zo, kowa ya san sunan da za a kira ta da shi.

Mahaifiyarmu Hajiya, wadda ta haura tamanin, ta yi kuka har ta gode Allah, ta ce in tashi in tafi. Yayarmu Asabe ce ta ja birki. Ta ce ba a karɓar 'ya ta waya kamar saƙo, kuma tunda Allah ya ba mu gwani a gida, a bar Bello ya je ya duba tukuna. Bellon ni ne.

Gwanintar tawa ga ta. Shekara goma sha tara ina aikin ɗakin gwaji a sashen koyar da ƙirar jikin mutum na wata jami'a. Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya ɗauki nazari a kan zanen leɓe, wato 'yan tsage-tsagen nan da ke kan leɓen kowa. A shafa wa mutum jan baki, a manna salatif, a ɗago, a liƙa a farar takarda, sannan a duba da madubin ƙara girma. Akwai zanen da ke tsaye cak, akwai mai reshe, akwai mai gicciye, akwai mai kama da raga, akwai wanda bai da kan gado. Wasu na cewa ana gadonsa. Ni ke ɗaukar wa ɗalibai zanen, don haka a gida ake min kallon likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Abin da na sani na ɓoye shi ne, sau ba adadi na ga ɗalibai biyu sun dubi takarda ɗaya, wannan ya ce mai reshe, wancan ya ce mai gicciye. Na kuma ga mutum ɗaya ya ba da zane iri biyu, don kawai an danna salatif da ƙarfi a karo na biyu. Da na faɗi wannan a ranar, da Yaya Asabe ta nemi wata hujjar. Amma daɗin a kira ni gwani ya rufe min baki. Na ɗauki zanen leɓena da na Hajiya, tana dariya tana cewa rabonta da jan baki tun aurenta, na sa a ambulan na kama hanya.

Daga Zariya zuwa Legas ba abin faɗi sai ciwon baya. A Legas na shiga motar da ke bin gaɓar teku, aka haɗa ni kujera da wata Hajiya Memuna, 'yar kasuwa haifaffiyar Kumasi, mai safarar atamfa. Ita ta fara koya min Hausar can. Ta nuna wata mata ta ce "shi ma Kumasi za shi", na waiga ina neman namijin. Abu in ya yi yawa ta ce "paa", in babu shi sam ta ce "koraa". Na yi mata gyara sau biyu, ta dube ni ta ce in ajiye alli, nan ba aji ba ne.

Iyaka uku muka tsallaka a wuni ɗaya, kowace a sauka, a yi layi, a nuna fasfo da katin rigakafi. A ta shiga Benin wani jami'i ya buɗe jakata ya zazzage, sai ga jan baki guda shida da salatif sun gangaro kan tebur. Ya dubi gemuna, ya dubi jan bakin, ya kira abokin aikinsa. Faransanci suke yi, ba na jin ko ɗaya, amma dariya ba ta bukatar tafinta. Hajiya Memuna ce ta cece ni, ta ce musu kayan biki ne zan kai wa 'yata. Da muka koma mota ta tambaye ni ainihin dalili, ni kuma na zayyana mata komai da alfahari. Da muka wuce Kwatano sai ta ce in tana da iko da ni, da ta sa na jefar da kayan nan ta taga. Na ɗauka rashin boko ne ke damunta.

Muka kwana a Ankara, babban birnin Gana, washegari muka isa Kumasi da la'asar. Gari ne mai tudu da gangare, ga kore ko'ina, ga cunkoson da ya fi na Sabon Gari ranar jajibirin salla. Asabar ce, ranar da Asantawa, 'yan asalin garin, ke bikin mutuwa. Ko'ina rumfuna, mutane cikin baƙaƙen zannuwa da jajaye, ana kiɗa, ga hoton mamaci ƙato kamar na ɗan takara. An ce gawa kan yi watanni a sanyi ana jiran dangi su haɗu. Mu da ke binne mutum kafin rana ta karkata, abin ya ɗaure min kai, amma na lura da abu ɗaya, a garin nan ba a wasa da sanin waye dangin wa.

Alhaji Seidu ya tarbe ni a tasha, dattijo ne siriri mai sayar da kayan gyaran keken ɗinki, ya kai ni gidansu a unguwar Alabar. Gidan haya ne irin mai tsakar gida ɗaya, iyali sun fi goma, Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Hausawa, famfo ɗaya, kowa da bokitinsa a layi. Suka kwashe wa wani kayansa suka ba ni ɗaki. Aka kawo min sakwara cikin miya mai ruwa-ruwa, aka ce ba a taunawa, haɗiya ake. Na tauna abata a ɓoye. Da safe aka kawo koko da ƙosai, sai kuma shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da wani baƙin yaji mai suna shito, wanda ya sa ni hawaye. Daga baya na ji Rukayya ce ta dafa duka da hannunta, ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Da hantsi aka jera benci a tsakar gida. Maza kusan goma sha biyu suka zauna, mata suka tsaya ta bakin ɗakuna. Aka tashe ni in bi su da musabaha daga dama zuwa hagu, haka ake yi. Sannan wata budurwa doguwa ta fito da kofin ruwa, ta durƙusa a gabana, ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Rukayya ce. Kunyar faɗa nake ji, amma ban dubi idonta ba, leɓenta na duba. Na ƙasan mai kauri ne da ɗan tsagi a tsakiya, kamar na Yaya Habu. Ko kuwa kamar yadda nake tuna na Yaya Habu, mutumin da rabona da shi shekara talatin, wanda hotonsa ɗaya gare ni, shi ma ya koɗe.

Mutanen Zango, wato unguwannin baƙi Musulmi irin Alabar, sun ɗauki wata al'ada daga Asantawa. Baƙo in ya sha ruwa, sai mai gida ya tambaye shi abin da ke tafe da shi a gaban kowa, ko da an riga an sani. Suna ce mata amani. Abin da baƙo ya faɗa a wurin shi ne maganarsa, shi za a riƙe, shi za a kai gaba. A wurinmu magana irin wannan a zaure ake yin ta, mutum biyu, murya ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya gaya min, domin a ganinsu ko yaro ya sani. Amsar da suke jira kuma gajeriya ce, in ce na zo ganin 'yata, in ba da ita aure.

Ni kuwa na gyara zama na ce dangi sun turo ni in duba yarinyar in tabbatar. Ban tsaya nan ba. Na shiga bayanin zanen leɓe, irinsa nawa, yadda ake gadonsa, har na ciro ambulan na ɗaga. Ina cikin magana na ji tsakar gidan ta yi tsit, har matar da ke wanke-wanke ta ajiye kwano. Wani dattijo mai farin rawani da ke gefen Alhaji Seidu, wanda na ɗauka maƙwabci ne, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malam Issaka ke nan, baffan ango, an gayyato shi ne musamman ya ji amanina da kunnensa.

Alhaji Seidu ne ya fara magana.

"Tunda a nan ka faɗa, a nan za ka yi. Ba mu da abin ɓoyewa koraa. Rukayya, zo ka zauna."

Na so in ce a bari sai mun shiga ɗaki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Zafin hanya ya narkar da jan bakin, ya zama kamar man shanu, na shafa mata ya zarce har haɓa. Na manna salatif na ɗago, na farko ya fito da zane a tsaye, irin nawa. Don in ƙara tabbata na sake, na danna da ɗan ƙarfi, sai ga rassa sun fito ko'ina, ba irin nawa ba, ba irin na Hajiya ba. Na uku gumi ya dame shi, ba a ganin komai. Duk wannan ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗauke ido daga kaina ba. Mace mai shekara ashirin da shida, saura kwana goma sha shida aurenta, tana zaune a gaban maza baki dame-dame da ja, ƙanin ubanta na leƙa takarda da madubi.

Malam Issaka ya bari na gama, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"To Malam, 'yarku ce?"

Kalma ɗaya ake nema, kuma tana bakina. Amma takarda biyu na hannuna suna musu da juna, ga Yaya Asabe na jira a gida, ga kuma girman kai, kada a ce gwani ya zo da kayan aiki ya ƙare da cewa kayan banza ne. Sai na ce aikin na bukatar natsuwa, zan koma da shi manyana su duba, zan aiko da amsa cikin mako ɗaya. Malam Issaka ya miƙe, ya yi min addu'ar Allah ya kiyaye hanya, ya fita. Mutum uku suka bi shi.

Da azahar wata tsohuwa mai suna Mma Hawa, wadda ɗakinta ke kallon nawa, ta kira ni. Ba ta ba ni wurin zama ba. Ta ce ita ta dafa shinkafar auren Habu da Fati a wannan tsakar gidan, tukunya biyu, kuma ita ta wanke Rukayya ranar da aka haife ta. Ta ce Habu ya goya yarinyar nan a kafaɗa ya zaga Alabar da ita har ana yi masa tsiya. Sannan ta nuna min wata Bamosa mai tallan kenke, tuwon masarar can, da wani Bazabarme mai gyaran takalmi, ta ce in dubi leɓensu da kyau, duk da tsagin nan a tsakiya, ko su ma 'ya'yan Habu ne?

"Kai ka zo daga nesa paa," in ji ta, "ba ka tambayi mutum ko ɗaya ba. Takarda ka tambaya."

Na fita waje na kira Yaya Asabe na gaya mata. Ta ce maganar tsohuwa ba hujja ba ce, kada in kuskura in ɗaure mu da abin da ba mu tabbatar ba. Ba zan ɗora mata laifi ba, ita ba ta ga fuskar yarinyar ba, ni na gani. Na bi maganarta ne don ta fi sauƙi.

Washegari Alhaji Seidu ya kai ni maƙabartar Tafo ya nuna min kabarin Yaya Habu, a share tas, ba ciyawa. Muka yi addu'a muka dawo. Rukayya ba ta ƙara fitowa ba, amma abinci bai fasa zuwa ba, sau uku a rana, a rufe da kyau. Wannan ya fi zagi ciwo. Kwana uku na yi na juyo. Ba na tuna komai na hanyar dawowa sai cewa ba wanda ya buɗe jakata.

Da na koma aiki na yi abin da ya kamata in yi tun kafin in tafi. Na ɗauki takarda huɗu, tawa, ta Hajiya, ta Rukayya ta farko, da ta wata mata mai sharar sashenmu wadda ko ƙabilarmu ba ɗaya ba. Na goge sunaye na sa lambobi, na ba malamai uku, kowa shi kaɗai, na ce su rarraba su, su kuma faɗa min waɗanda suka fi kama da dangi. Na farko ya haɗa ni da Rukayya ya ware Hajiya. Na biyu ya haɗa Hajiya da mai shara. Ta uku, wata Dakta da ta fi su daɗewa a harkar, ta ba irin zanen takardata suna ɗaya da safe, da na sake miƙa mata ita da yamma cikin wasu ta ba ta wani sunan. Da na gaya mata dalili sai ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ko a tsakanin masu binciken ba a gama yarda da hanyar rarrabawar ba, balle a yanke nasaba da ita, kuma ni na fi kowa sani tunda ni ke riƙe salatif ɗin. Ban musa ba.

A ranar na kira Alhaji Seidu. Ban nemi shawarar kowa ba. Na ce Rukayya 'yarmu ce, ni ne waliyyinta, zan taho a ɗaura aure a ranar da aka sa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce dangin mijin sun aiko tun kwana biyu da tafiyata, sun janye. Ba su zargi kowa ba, sun dai ce abin da gidan uba ya tsaya yana aunawa, su ba za su ɗauka ba. Magana ta zaga Alabar, ta kai Buokrom inda shagon Rukayya yake, mata na zuwa ba don ɗinki ba sai don su kalli bakinta. Ta rufe shagon. Na roƙe shi ya ba ta wayar. Na ji ya yi tafiya, na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya dawo ya ce ta ce a gaya min ba ta riƙe ni a zuciya ba, amma uwarta da ke kabari, wadda ba ta taɓa yi wa kowa komai ba, yanzu da ita ake hira a kasuwa, wannan kuwa ba ita ke da ikon yafewa ba.

Na rubuta wa Malam Issaka takarda, na sa limaminmu ya sa hannu. Malam Issaka ya amsa da ladabi cewa ya gode, amma yaron an riga an nema masa wata.

Saura Hajiya. Kwana biyar ina ce mata ana shiri. A na shida ta ce in zauna in gaya mata gaskiya, don ta ga ba na cin abinci. Na gaya mata duka, ban rage ba. Ba ta yi kuka irin na farko ba, ba ta kuma zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Mutum ɗaya Habu ya bar min a duniya," ta ce. "Na aike ka ka kawo min ita."

Daga nan ta ce a nemo mata fasfo, za ta je da kanta ta tsaya a tsakar gidan nan, a ba ta ruwa, a tambaye ta abin da ya kawo ta, ta faɗa kowa ya ji. Ta sa an ɗaure mata zannuwa uku da carbi da maganinta a jaka. Hajiya ba ta iya zuwa bayi sai an riƙe ta, likitanta ya ce ko Kaduna ba za ta kai a mota ba. Na gaya mata, ta ce likita ba shi ya haifi Habu ba. Yau kwana arba'in da ɗaya jakar na bakin gadonta, ba ta yarda a kwance ba. Kullum na shiga gaishe ta da safe, kafin ta amsa sai ta tambaye ni ko an samu mota, ni kuma in ce mata ana nema.